Yadda Ake Farfaɗo da Gonar da Ta Gaji a Ƙasar Sakkwato

Duk wanda ya daɗe yana noman tudu a ƙasar Sakkwato yana gane gonar da ta gaji tun daga nesa. Geronta yakan fito siriri, ya yi rawaya tun bai kai gwiwa ba, ƙuduji ya bi kunyoyi yana fure, tumfafiya kuma ta yi ta yaɗuwa a wurin da iyaye suka saba ɗaure dami bayan dami. Inda abin ya yi nisa, iska da ruwa sun riga sun kwashe ƙasar sama mai laushi, sun bar faƙo mai sheƙi wanda ko sungumi ba ya shigarsa, ruwan sama ya faɗi a kansa ya gangare ya wuce ba tare da ya jiƙa tsawon ɗan yatsa ba. Irin wannan gona ce ake sayarwa da arha ko a yi watsi da ita, alhali kuwa mafi yawanta tana iya dawowa idan aka bi aikin bisa tsarin da ya dace.

Dalilan gajiyar ba ɓoyayyu ba ne. Ruwan da ke sauka a birnin Sakkwato da kewayensa a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, can arewa wajen Illela da Gada da Tangaza da Gudu ma yakan gaza haka, kuma kusan dukkansa yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba, sau da yawa da ƙarfi cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Sauran watannin ƙasa tana kwance a buɗe, hunturu ya share ta, zafin bazara da ke haura digiri 40 ya gasa ta. Jama'a ta ƙaru, rabon gado ya yanyanka gonaki, don haka babu mai iya barin gonarsa ta huta shekara 3 ko 4 kamar yadda ake yi a da. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa, waɗanda suka tsira kuma gatarin masu itacen girki da masu gawayi bai bar su ba.

Maganin da aka fi ji a bakin hukuma shi ne dashen itatuwa. Sakkwato tana cikin jihohi 11 na arewacin Najeriya da ke cikin shirin katangar itatuwa ta Afirka, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 domin ya ratsa daga Senegal zuwa Jibuti, kuma kowace damina ana raba 'ya'yan itatuwa ana bikin dasawa. Ba na raina wannan ƙoƙari, amma duk mai zuwa ya duba wuraren da aka yi bikin a watan Afrilu mai zuwa ya san yawan ramukan da babu komai a cikinsu sai busasshen tsinke. A ganina dashe shi ne mataki na uku, ba na farko ba. Na farko shi ne raya abin da bai riga ya mutu ba, na biyu kuma tsare ruwan da ya faɗi a gonar kada ya fita, kuma waɗannan biyun ba su bukatar kuɗi sai ƙarfi da kulawa.

A fara da kututturen da ke cikin gona

Kafin a taɓa komai, manomi ya zagaya gonarsa a ƙarshen rani, kafin sassabe, ya lura da kowane gungun toho da ke fitowa daga ƙasa. Sabara da kalgo da geza da magarya da aduwa da gawo da ake sarewa kowace shekara a tara a ƙone, yawancinsu ba ƙananan tsirrai ba ne. Tsofaffin itatuwa ne da aka sare kansu tun da daɗewa, amma saiwarsu tana nan da rai, ta nutse ƙasa har inda damshi yake. Abin da ɗan itacen da aka dasa zai yi shekaru yana nema, wato saiwa mai zurfi, shi wannan kututture yana da shi tuntuni, shi ya sa yake tohowa ko a tsakiyar bazara ba tare da an ba shi ruwa ba.

Maƙwabtanmu na Maraɗi ne suka nuna wa duniya amfanin wannan. A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya ga yawancin itatuwan da yake dasawa suna mutuwa, ya koma ga rainon kututture tare da manoman yankin. Daga baya aikin ya yaɗu daga gona zuwa gona, yawanci manomi ne ke koya wa manomi, har aka ƙiyasta cewa an samu itatuwa kusan miliyan 200 a kan fili mai faɗin kadada (wato hekta) miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram. Ƙasarsu ba ta fi tamu ruwa ba, a wurare da dama ma tamu ta fi, kuma itatuwan da suka raya su ne dai irin waɗanda muke ƙonewa.

Ga yadda ake yi. A ɗauki gungun sabara guda, wanda yawanci zai kasance da tsirrai 20 ko 30 sirara da suka fito daga kai ɗaya, kowanne yana jan abinci daga saiwa ɗaya, kamar akushi guda da aka ajiye wa yara masu yawa, babu wanda zai ƙoshi. A durƙusa a buɗa gungun da hannu, a zaɓi tsirrai 3 zuwa 5 waɗanda suka fi kauri da miƙewa, waɗanda kuma suka fito daga ƙasan kututturen sosai, domin na sama iska takan ɓalle su. Sauran duka a yanke su daf da gindi. Waɗanda aka bari a rage musu rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu, kada a wuce haka, don idan aka yi musu aski har ƙoli sukan yi tsawo babu ƙwari, akuya ma ta iya tanƙwaro su. Adda ko lauje ya kasance mai kaifi, kuma a riƙa sara daga ƙasa zuwa sama, saboda saran da ya zo daga sama yakan tsage ɓawo ya bi jikin tsiron, ta nan kuma cuta da gara suke shiga. Idan an gama sai a ɗaura tsumma mai launi a jiki, domin mai wucewa ya san wannan itacen yana da mai shi. Rassan da aka yanke, masu kauri a kai gida a yi girki, ganyen da ƙananan kuma a bar su a gindin su rufe ƙasa.

Aikin ba na rana ɗaya ba ne, domin kututturen zai ci gaba da fitar da sabon toho, sai an riƙa komawa duk bayan wata 2 ko 3 ana cirewa. Wanda ke farawa ya bar itatuwa 20 zuwa 40 a kadada, a warwatse, sannan ya ƙara idan ya ga yadda amfanin gonarsa ya karɓe su. Daga shekara ta biyu ko ta uku yana iya sare tsiro ɗaya daga kowane kututture duk shekara don itace ko dirka, ya bar sabo ya maye gurbinsa, amma ya ware guda ɗaya mafi kyau wanda ba za a taɓa shi ba har ya zama bishiya.

Idan a cikin tohon aka ci karo da gawo, to a ba shi fifiko a kan komai. Gawo yana zubar da ganyensa ne da damina, daidai lokacin da gero ke bukatar rana, ya kuma yi kore da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa. Ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin da ake saye a buhun yuriya, 'ya'yansa kuma abincin tumaki da awaki ne a watannin da ciyawa ta ƙare. Kowa ya ga yadda geron da ke ƙarƙashin tsohon gawo yake fin na sarari tsawo da kaurin zangarniya. Kalgo da sabara su ma suna tara ƙurar da iska ta kwaso da ganye a gindinsu, shi ya sa za a ga ƙasar wurin ta ɗan yi tudu kuma ta fi baƙi.

Akwai ƙorafi biyu da manoma ke yi, kuma duka suna da tushe. Na farko inuwa, na biyu tsuntsaye. Maganin inuwa shi ne rage rassan ƙasa a farkon damina yadda rana za ta riƙa shiga ta gefe. Tsuntsaye kuwa gaskiya ne suna sauka a itace, amma jan baki da ke cinye gero ba ya jiran sai gona tana da itace kafin ya zo, kuma wasu tsuntsayen da itatuwa ke jawowa tsutsa da fara suke ci. Akwai kuma abu na uku da ba a cika faɗa a fili ba, wato kunyar kada a ce mutum rago ne bai share gonarsa ba. Manoman Maraɗi na farko sun sha wannan gorin, bai kuma daina ba sai da maƙwabta suka fara zuwa roƙon itacen girki a wurinsu.

Tsare ruwa a inda ya faɗi

A ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, maimakon a zauna a zaure, yana da kyau manomi ya je gonarsa da zarar an ɗauke, ya ga da idonsa ta ina ruwan ya shigo, ina ya taru, ta ina ya fita, da kuma inda ya ajiye yashi da tarkacen kara. Wannan dubawa ita ce za ta nuna masa inda gangaren yake, domin gonar da ido ke gani a shimfiɗe sau da yawa tana da ɗan karkata da ruwa kaɗai ke sani.

A kan faƙo babu abin da ya kai tassa. Ramuka ne ƙanana da ake haƙawa da rani, faɗin kowanne santimita 20 zuwa 30, zurfinsa 15 zuwa 20, tsakanin rami da rami kuma kimanin santimita 80, wato taku ɗaya mai kyau. Ana jera su a saɓe, yadda ramin layi na biyu zai faɗo a tsakanin biyu na layin farko, don ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa wancan. Ƙasar da aka haƙo a tara ta a bakin ramin ta ɓangaren gangare, ba ta inda ruwa ke zuwa ba, in ba haka ba an toshe masa hanyar shiga. Sai a zuba taki na dabbobi ko na bola wanda ya ruɓe, cikin tafin hannu 1 ko 2 a kowane rami, a ɗan yayyafa ƙasa a kai kada iska ta ɗauke. Yacouba Sawadogo, manomin Yatenga a Burkina Faso wanda ya rasu a 2023, shi ne ya fi shahara da inganta wannan dabara, kuma a ƙarshen shekarun 1980 wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa a Nijar suka je can suka gani suka kawo ta gida, har ta kai ana sayen faƙo a yankin domin a raya shi.

Wanda ya tona irin wannan rami bayan makonni kaɗan zai ga abin da ke faruwa a ciki. Gara ta gano takin, ta huda ƙasan ramin da ƙananan hanyoyi masu yawa da suka nutsa ƙasa, ta lulluɓe guntayen kara da laka. Idan ruwan farko ya zo, ta waɗannan hanyoyi yake bi ya sauka, maimakon ya tsaya a sama rana ta shanye shi. Iska kuma duk tsawon rani tana zuba ƙura da ganye a ramin. Bayan ruwa mai kyau sai a shuka gero ko dawa a ciki, kuma idan aka samu tsaikon ruwa na kwana 10 ko mako 2, wanda shi ne ke kashe shuka a ƙasarmu, na cikin tassa yakan jure lokacin da na fili ya bushe. Sau da yawa ma za a ga gawo ko bagaruwa sun tsiro a ramin daga irin da ya biyo kashin awaki. Kada a cire su.

Tassa tana da sharuɗɗanta. Ba ta yi a jigawa mai yashi, domin ramin zai rufta kuma yashi dama yana shan ruwa, ba ta kuma yi a laka mai riƙe ruwa, inda shukar za ta ruɓe. Sannan aiki ne mai cin ƙarfi: kadada ɗaya tana ɗaukar ramuka fiye da 10,000, ana kuma ƙiyasta awa 300 na aikin mutum ɗaya, a ƙasa mai taurin da sai da diga, a lokacin da samari suka tafi ci-rani. Saboda haka kada kowa ya ɗaura niyyar gama gona a rani ɗaya. A yanki kwata ko abin da bai kai ba, a fara tun Disamba ko Janairu da sauran sanyi, a riƙa yi da sassafe, inda kuma al'adar gayya ba ta mutu ba a farfaɗo da ita. Ramukan suna yin shekara 2 zuwa 3 ana shuka a cikinsu kafin a sake gyara su.

Inda filin yake da faɗi, ko ana son ciyawa da itatuwa maimakon hatsi, sai a yi rabin wata. A kafa turke, a ɗaura igiya mai tsawon mita 2, a zana rabin da'ira wadda bakinta ke fuskantar inda ruwa ke zuwa, a haƙe cikinta zurfin santimita 15 zuwa 25, a tara ƙasar a bayan gefen da ya lanƙwasa a daddanna ta. Kadada tana ɗaukar kimanin 300, su ma a saɓe. Inda kuma ake da duwatsu, kamar wuraren marmara, jerin duwatsu ya fi komai daɗewa: a ɗan tona layi mai zurfin santimita 5 zuwa 10, a jera manya a ciki, a cike tsakaninsu da ƙanana ta ɓangaren sama, tsayin jerin daga ƙasa ya kai santimita 20 zuwa 30, a bar mita 20 zuwa 50 tsakanin layi da layi gwargwadon tsananin gangaren. Ba a so ya tare ruwa ɗungum, so ake ya rage masa gudu har ya ajiye ƙasar da ya ɗauko. Sharaɗin shi ne layin ya bi daidaiton ƙasa, kuma ana gane wannan da siririn tiyo mai haske irin na magina, a cika shi da ruwa, a ɗaure bakinsa biyu a jikin sanduna biyu masu alama iri ɗaya. Duk inda ruwan ya tsaya a alama ɗaya a sandunan biyu, wuraren nan biyu daidai suke. Wanda ba shi da duwatsu ya dasa gamba a layin. Tana riƙe ƙasa, kuma a kaka ga abin zana.

Kwazazzabo kuwa daga kansa ake kama shi, ba daga inda ya yi zurfi ba, ta hanyar rage ruwan da ke isa gare shi da jera ƙananan shingayen dutse tun yana ƙarami. Wanda ya fi ƙarfin mutum ɗaya aikin gari ne da hukuma. Ya kamata kuma masu fadama su san cewa wannan aiki na tudu ya shafe su, domin yashin da ke binne gonakin albasa da shinkafa a bakin gulbin Rima daga tudu ruwa ke kwaso shi.

Game da taki, abu biyu ne ke bukatar gyara. Na farko ƙona kara da ciyawa a lokacin sharar gona, wanda ke mayar da abincin ƙasa hayaƙi. Na san kara yana da kuɗi yanzu, ana dangar gida da shi ana ciyar da dabbobi, amma ko kashi ɗaya cikin uku aka bari a kwance a wuraren da iska ta fi ci, zai tare yashi ya kuma kira gara. Na biyu takin bola da ake kwasowa daga cikin gari, wanda yanzu cike yake da leda da fasassun kwalabe da tsofaffin batura. A tsince su kafin a watsa, domin leda tana hana ruwa da saiwa ratsa ƙasa, dabbar da ta haɗiye ta kuma takan rame har ta mutu. Mai ɗan takin zamani kaɗan kada ya watsa shi ko'ina. Cikin marfin kwalbar lemo ɗaya, wato kimanin giram 6, a gefen kowane gindi ya fi amfani, musamman a ramin da dama akwai takin gargajiya.

Sannan a zo ga dashe

Dashe yana da muhallinsa: inda babu kututturen da ya rage, ko ana son irin da babu shi a gonar, kamar kuka da tsamiya da zogale da mangwaro, ko ana son shingen tare iska. A fara rainon iri a Maris ko Afrilu, a cikin leda mai huji da aka cika da yashi da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a ajiye a inuwa kusa da ruwa. Irin gawo da bagaruwa da kuka yana da ɓawo mai tauri, sai an kankare gefensa kaɗan da wuƙa ko a zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana a ciki kafin ya tsiro da wuri. A riƙa ɗaga ledojin ana sauya musu wuri don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa, kuma makonni 2 kafin dashe a rage ruwa a fitar da su rana su saba.

Lokacin dashe shi ne sa'ad da damina ta zauna, daga Yuli zuwa farkon Agusta. Itacen da aka dasa a Satumba, kamar yadda ake yawan yi idan rabon ya makara, bai samu ruwan da zai kafa saiwa ba kafin rani ya same shi. A haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 40 zuwa 50, a gauraya ƙasar sama da taki a mayar, a yanke ledar a cire ta gaba ɗaya ba tare da an fasa ƙasar da ke riƙe da saiwa ba, a dasa da yamma, a bar ɗan kwari a gindin don ruwa ya taru. A ranar ce kuma za a kewaye shi da ƙaya ko kwando ko tsofaffin bulo, ba gobe ba, domin akuya ba ta jira. Don ranin farko, a binne tulu marar fenti har wuya a gefen itacen, a cika shi da ruwa a rufe bakinsa. Ruwan yana tsatsafowa a hankali daidai inda saiwa take, kuma cikawa ɗaya takan kai kwanaki. Toka a gindi tana rage ɓarnar gara ga ɗanyen dashe. Gwamma mutum ya dasa 10 da zai iya shayarwa har su tsallake rani biyu da ya karɓi 100 saboda kyauta ne.

Kowane itace da wurinsa. Dogon yaro yana da kyau a ƙofar gida da bakin hanya da makaranta da iyakar gona, amma a tsakiyar gona yana danne shuka. Turare yana shan ruwa ƙwarai, kada a kai shi kusa da rijiya ko cikin fadama. Bagaruwa ta dace da shinge, ga shi majema suna bukatar 'ya'yanta wajen jimar fatar jar akuyar da aka san Sakkwato da ita. Dakwara tana jure faƙo kuma tana ba da ƙaro. Mai son shingen iska ya ja layinsa daga arewa zuwa kudu, domin guguwar da ke zuwa gaban ruwan farkon damina, wadda ke binne ƙaramin gero da yashi ta sa a sake shuka sau biyu ko uku, daga gabas take tasowa. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa an fara irin wannan shinge a 1975, layi biyu-biyu na dogon yaro da tazarar mita 100 tsakani, kuma gonakin da ke tsakanin layukan sun fi na fili amfani. Shinge yana kare fili mai nisan da ya kai ninki 10 na tsawon itatuwansa.

Maƙwabta da makiyaya da masu neman itace

Duk abin da aka faɗa a sama yana iya lalacewa a dare ɗaya idan mutum shi kaɗai yake yi. Da an kwashe amfanin gona ake sakin dabbobi, masu neman itace kuma suna ɗaukar duk abin da ke tsaye a gona da rani a matsayin na kowa. Don haka kafin a fara, manoma 5 ko 10 masu iyaka da juna su haɗu su je wurin mai gari, a kira liman da ardon Fulanin da ke kiwo a yankin da kuma wakilan mata, a yi magana a fili a kan abin da tsumman da ke jikin itace yake nufi da abin da za a yi wa wanda ya sare shi. Kada a shiga zancen da zargi. Makiyayi yana da riba a cikin aikin, domin 'ya'yan gawo da kalgo abincin dabbobinsa ne, kuma tsohuwar al'adar kwanan shanu a gona, inda manomi ke ba da hatsi ko kara a bar masa taki, ita ce hanya mafi sauƙi ta samun takin da tassa ke bukata. Abin da za a roƙa shi ne a kauce wa wurin da aka raya na shekara 2, kuma a daina sassake kan itace gaba ɗaya don ganye. Su kuma manoma su bar burtali da mashaya yadda suke, domin wanda ya noma hanyar shanu ba shi da bakin ƙorafi idan suka bi ta gonarsa. Wannan ba baƙon tsari ba ne a ƙasar da malamanta suka karantar da hukuncin hurumi da na raya mataccen fili, kuma hadisi ingantacce ya nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga abin da Musulmi ya dasa sadaka ce gare shi.

Matan gida su ne suka fi kowa sanin tsadar itace, kuma idan ba a sama musu mafita ba, tilas ce za ta kai hannu ga abin da aka raya. Rassan da ake ragewa su zama nasu tun daga farko. Murhun laka mai kewaye tukunya, mai ƙofa ɗaya ta sa itace, yana rage cin itace sosai idan aka kwatanta da duwatsu uku a fili inda iska ke kwashe wutar, kuma mace tana iya gina shi da yumɓu da kashin jaki ko ƙaiƙayi. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta daɗe tana aiki a kan ingantattun murahu, ana iya neman shawararta.

Saura batun gonar aro da ta haya da ta jingina. Wanda ke noma gonar da ba tasa ba yana tsoron ya raya ta mai ita ya karɓe, mai gonar kuma yana tsoron kada itatuwan su zama hujjar mallaka a gaba. A warware wannan tun kafin a haƙa rami ɗaya, a gaban mai gari da shaidu, a rubuta: gona ta mai ita ce, wanda ya raya ta zai ci gaba da nomanta na shekaru kaza, kuma ga yadda za a raba itace da 'ya'yan itatuwa. Shekarun da za a rubuta kada su gaza 5, domin tassa tana nuna amfaninta tun daminar farko, kututture yana fara ba da itace a shekara ta biyu ko ta uku, amma gawo da sauran manyan itatuwa suna ɗaukar lokaci mai tsawo kafin a ga tasirinsu a kan gero.